Gidan haya na ƙauyen Ingila ba otal ba ne: hannunka mai sanda ga 'yan uwa masu zuwa gajeren hutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Birtaniya, ɗalibai da ma'aikata da masu iyali, da kuma waɗanda ke zuwa musu ziyara daga gida. Maganar a kan gidajen ƙauye ce da ake kamawa haya na kwana uku ko huɗu, a fita daga hayaniyar Landan ko Manchesta, yara su ga tsaunuka da tumaki, manya su sha iska. Abu ne mai kyau, muna kuma son mutanenmu su riƙa yi. Damuwarmu ita ce yadda ake shiga waɗannan gidaje da tunanin otal. A can babu mai tarbar baƙo, babu mai gyaran ɗaki, mai gidan ma wataƙila a wani gari yake. Abin da za ka tarar shi ne makulli cikin ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, lambar buɗe shi da aka turo maka ta waya, sai littafin bayanin gida a kan teburin kicin. Daga nan komai ya dawo hannunka.

Za mu kafa misali da yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, wanda suke kira Lake District. Tun 1951 aka keɓe shi a matsayin gandun ƙasa, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da za mu faɗa ya shafi ƙauyukan Yorkshire da Wales da Sikotland, domin gidajen ginin dutse ne iri ɗaya, matsalolinsu ma ɗaya ne.

Tun ran gini tun ran zane. Gajeren hutu a wajensu iri biyu ne: Juma'a zuwa Litinin, dare uku ke nan, ko Litinin zuwa Juma'a, dare huɗu, kuma sau da yawa kuɗinsu kusan ɗaya ne. Akan shiga daga ƙarfe uku ko huɗu na yamma, a fita ƙarfe goma na safe. Farashi yana tashi lokacin hutun makarantu, wato ƙarshen Yuli zuwa Agusta, da makon hutu na Fabrairu da ƙarshen Mayu da ƙarshen Oktoba, da Ista da Kirsimeti. Idan da sauran lokaci kafin tafiya, kafin alƙalami za a karɓa, a cika ragowar kamar mako shida zuwa takwas kafin ranar shiga. A sani cewa kwanaki 14 da doka ta ba mai sayen kaya ta intanet ya fasa ba su shafi masaukin da aka kama na ƙayyadaddun ranaku ba, saboda haka a karanta sharaɗin fasawa kafin a danna biya. A biya ta cikin shafin kamfanin, da katin bashi idan da hali, domin dokar 1974 ta ba da kariya ga ciniki daga fam 100 zuwa fam 30,000, ko da yake kariyar kan yi rauni idan kuɗin ya bi ta hannun dillali. Duk wanda ya ce ka bar shafin ka tura masa kuɗi kai tsaye zai yi maka ragi, ka rabu da shi. A Sikotland tun Oktoban 2023 dole irin wannan gida ya kasance da lasisi, kana iya neman lambarsa.

Kafin biya a rubuta wa mai gida tambayoyi, a kuma ajiye amsarsa. Da me ake dumama gidan, kuma kuɗin wuta da itace yana cikin haya? Ruwan na hukuma ne ko na rijiya ko maɓuɓɓuga? Ana karɓar karnuka? Gidaje da yawa suna karɓa, wanda ke ƙyamar gashin kare a kujera da kafet ya nemi gidan da aka rubuta ba a shiga da dabbobi. Wasu masu gida kan ajiye wa baƙo kyautar maraba har da kwalbar barasa, ka faɗa tun da wuri ba ka bukata, ba za su ji haushi ba. Sannan maganar yawan mutane. Idan an rubuta gidan na mutum shida ne, to shida ɗin ake nufi, domin inshorar gidan da tsarin tsira daga gobara a kan wannan adadi aka gina su. Mu a al'adarmu ba a cewa gida ya cika, sai a shimfiɗa tabarma a falo. A can wannan karya yarjejeniya ne, mai gida yana da ikon ya sallame ku cikin dare ba tare da ya maido ko sisi ba. Har jariri a faɗa, har aboki da zai zo daga Preston ya yini a faɗa.

Hanya tana bukatar nata shiri. Mai mota zai bi babbar hanyar M6, ya sauka a mahaɗa ta 36 idan kudancin yankin zai je, ko ta 40 a Penrith idan wajen Keswick ne. Marar mota ya hau jirgin ƙasa zuwa Oxenholme, ya canza zuwa Windermere, daga nan bas mai lamba 555 yana bi ta Ambleside da Grasmere har Keswick. Amma gidan da ke mil uku daga tashar bas bai dace da marar mota ba, komai kyawun hotonsa. Lambar adireshi guda a ƙauye takan haɗa gonaki da dama masu nisa da juna, na'urar nuna hanya sai ta ajiye ka a bakin wata ƙofar gona ta ce ka iso. Ka buga kwatancen mai gida a takarda, ka sauke taswira a waya tun kana birni, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwari. Ƙananan hanyoyin mota ɗaya suke ɗauka, ga katangar dutse hagu da dama, sai wuraren rabewa da aka tanada jefi-jefi. Idan kun yi kiciɓis da wata mota, wanda ya fi kusa da wurin rabewa shi zai yi ribas, mai gangarowa kuma ya ba mai hawa hanya. Ba a ajiye mota a waɗannan wurare. Akwai hanyoyi biyu na kan dutse, Hardknott da Wrynose, da na'ura kan nuna a matsayin yanke. Hawan Hardknott ya kai kashi 30 cikin 100 a wasu wurare, ga kwana masu kaifi. Sabon direba da mota cike da iyali ya zagaya, ko da zai ƙara awa guda. A kuma yi ƙoƙari a isa da sauran haske: a ƙarshen Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kuma babu fitilar titi ko ɗaya.

Awa ta farko bayan shiga ita ce ta fi kowace muhimmanci, kada a ɓata ta wajen rabon ɗakuna. A ɗauki hoton duk wani tabo ko abin da aka tarar a fashe, a tura wa mai gida a daren, saboda kuɗin ajiya na ɓarna. A nemo akwatin fis na wuta, da famfon da ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya, wanda galibi yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke. A danna maɓallin gwaji na ƙararrawar hayaƙi da ta iskar guba. A duba ta ina za a fita idan matakalar bene ta toshe. Tsofaffin gidajen nan ƙofofinsu gajeru ne, matakalarsu a tsaye take, mai tafiya da tsohuwa ko yaro mai rarrafe ya nemi gida mai ɗakin kwana a ƙasa.

Yanzu dumama, inda aka fi shan wuya. Yawancin ƙauyukan nan bututun gas bai kai gare su ba. Wasu gidajen da mai suke aiki, za ka ga koren tanki a bayan gida. Idan hita ta ƙi tashi a duba agogon da ke kunna ta, sannan a duba ko man ya ƙare, kada a yi ta danna maɓallin tayarwa fiye da sau ɗaya ko biyu, domin mai yana taruwa a cikin injin. Wasu kuma hitar lantarki ce mai bulo a ciki, wadda ke tara zafi da dare lokacin da wuta ke da araha, ta sake shi da rana. Tana da maɓalli biyu, na tarawa da na sakewa. Wanda ya buɗe na sakewa gaba ɗaya da safe, kafin magariba ta huce. Idan kuma aka tarar da ita a kashe, ba za ta ba da zafi ba sai gobe, shi ya sa ake roƙon mai gida ya kunna ta daren jajibirin zuwa. Bangon dutse mai kauri yana daɗewa kafin ya ɗau zafi, don haka ya fi kyau a bar gida a digiri 18 zuwa 20 a tsaye, da a riƙa kashewa ana kunnawa.

Murhun itace na ƙarfe mai ƙofar gilashi shi ne abin da yara suka fi so, kuma hura shi ya bambanta da murhun tsakar gida. A buɗe ƙofofin iska duka. A jera gungume biyu ƙanana a ƙasa, a ɗora ƙirare shida zuwa takwas a gicciye a kansu, a sa abin kunna wuta guda a can sama, a kunna daga sama. Dalili shi ne bututun hayaƙi mai sanyi ba ya jan hayaƙi, wutar saman ce ke fara dumama shi. Wanda ya cika murhu da itace ya kunna daga ƙasa, hayaƙin falo zai dawo. A bar ƙofar a ɗan buɗe na 'yan mintuna kana tsaye a wurin, sannan a rufe, idan wuta ta kama sosai a rage iska. Gilashi ya yi baƙi, to ko itacen ɗanye ne ko an toshe iska da wuri. Busasshen itace shi ne wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, ana sayar da shi cikin buhun raga a gidajen mai. Buhu ɗaya da ƙyar yake raba dare a lokacin sanyi, a lissafa da haka. Ba a zuba kananzir ko fetur, ba a tsinko rassa daga gonar mutane, ba a shanya kaya a jikin murhu, toka kuma a bokitin ƙarfe ake zuba ta a fitar waje.

A nan dole mu ja kunnen iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata kan turaren wuta. Gawayi a ɗakin da tagoginsa ke rufe ruf yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sau da yawa kowa a gidan lokaci guda. Aka ji haka, ko ƙararrawa ta yi kuka, a buɗe ƙofofi, a fita waje, a kira 999, lambar agajin gaggawa. Haka abin gasa nama: ko ya yi kamar ya mutu ba a shigo da shi ciki. Hayaƙin turare yana tayar da ƙararrawar gobara, kuma kuskure mafi muni shi ne a cire mata batir ko a rufe ta da leda don a samu sakat. Gidaje da yawa ma sun hana kyandir da duk wani hayaƙi. A haƙura da kasko na kwana uku, a riƙe humra da turaren fesawa.

Sai ruwa. Banɗakin Turawa ba shi da magudana a ƙasa. Daɓen katako ne, wani lokaci har da kafet, a ƙarƙashinsa kuma silin falo ne. Ruwan buta ko na alwala da ya zuba a ƙasa ba shi da inda zai bi sai cikin katako, washegari a ga tabo a silin, kuɗin ajiya ya tafi. A yi tsarki a kan masai daidai, a wanke ƙafa a cikin baho ko wurin shawa, a shimfiɗa tsohon tawul da aka zo da shi daga gida, a koya wa yara tun ranar farko. Buta ma a taho da ita, ba za a samu a shagon ƙauye ba. Masan gidajen nan yawanci ba a haɗe yake da magudanar gari ba, ramin sokawe ne na gidan, wanda ƙwayoyin halitta ke narkar da abin da ke ciki. Takardar goge jarirai, ƙunzugu, auduga da man girki suna toshe shi, bilic mai yawa kuma yana kashe ƙwayoyin. Ban da takardar masai kada a jefa komai. Ruwan zafi a gidaje da yawa daga tanki yake, mai cin kamar lita 150 zuwa 200. Cika baho ɗaya yana cinye wajen lita 80, idan ya ƙare kuma da lantarki ake dumama shi, sai a jira awa biyu ko fiye. Iyali mai mutum shida su raba wanka, wasu da dare wasu da safe. Shawar da ta ƙi kunnuwa, a duba igiyar da ke rataye daga silin, ita ce makunninta. Ruwan sha a ɗiba a famfon sanyi na kicin, domin a tsohon gida na banɗaki kan fito ne daga tankin da ke cikin rufi.

Cefane a birni ake gama shi. Naman halal a saye shi a Manchesta, Bradford, Blackburn ko Preston, a daskarar da shi, a sa a kula. Shagon ƙauye madara da burodi da ƙwai ne, yana kuma rufewa da wuri. Ranar Lahadi manyan kantuna a Ingila da Wales awa shida kawai doka ta ba su, yawanci zuwa huɗu ko biyar sun rufe. Baƙon da ke tahowa daga Najeriya ko Nijar ya sani an hana shigo da nama da kayan madara, kilishi da dambun nama da man shanu duk suna ciki. A kicin za a tarar da tukwane, amma ƙanana ne, kuma an soya naman alade a wasunsu. A wanke su sosai ko a zo da kasko da babbar tukunya. Sai dai a tambayi irin murhun. Idan mai aiki da maganaɗisu ne, tukunyar dalma ba za ta yi zafi a kansa ba ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: tukunyar da maganaɗisu ya manne a gindinta ita ce za ta yi. Manja da kori suna rina katakon kicin da fararen tawul, sabon lalle yana rina zanin gado, duka kuma ana cire kuɗinsu. Lokacin girki a kunna fankar jan hayaƙi, a buɗe taga. Wuta ta ɗauke, a fara duba akwatin fis, domin butar lantarki da hita da na'urar gasa burodi a layi ɗaya suna kayar da shi. Idan maƙwabta ma duhu ne a kira 105, lambar kai rahoton ɗaukewar wuta. Rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba kuma 111.

Alƙibla daga arewacin Ingila kudu maso gabas take, wajen digiri 118 daga arewa. A sauke jadawalin salla na garin da ya fi kusa tun kafin tafiya, domin lokuta suna da tazara mai ban mamaki: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Daga Manchesta zuwa Windermere kusan mil 80 ne, ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade wa sallar ƙasaru, zaman dare uku kuma bai kai cikakkun kwanaki huɗu da ke yanke hukuncin tafiya ba. Kowa ya tuntuɓi malaminsa kafin ya tashi. Mai shiga ranar Juma'a ya yi sallarsa a birni sannan ya kama hanya.

A waje, filin da ka gani kore shar ba daji ba ne, gonar wani ce. Ana ratsa ta ne ta hanyar ƙafa da doka ta amince, mai alamar kibiya rawaya. Ƙofar gona a bar ta yadda aka same ta, a rufe ko a buɗe. A watannin Maris da Afrilu tumaki ke haihuwa, kada yara su bi 'yan raguna da gudu ko su ɗauke su. Saniya mai ɗan maraƙi kuwa duk wanda ya tashi kusa da Fulani ya san ba a shiga tsakaninsu. Akwai kaska a cikin dogayen ciyayi, tana kuma ɗauke da cutar Lyme. A duba jikin yara da yamma, a cire ta da hantsaki daga kai a hankali, idan jan zobe ya fito a wurin a ga likita. Ruwan tafki ko da rana ta take yana da sanyin da ke ɗauke numfashi nan take, kada samari su yi tsalle ciki don sun iya iyo a kogi. Ruwan sama kuma ba ya jiran damina. Ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara, ya ninka na Kano wajen sau uku, saboda haka rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa dole ne ga kowa, har mai zani da hijabi. Wanda ya ɓata ko ya ji rauni a kan dutse ya kira 999, ya nemi 'yan sanda, ya ce masu ceto na kan tsauni yake bukata. Da dare a rage murya da sautin waya a waje, maƙwabtan nan manoma ne masu sammako.

Ranar fita, ƙarfe goma ɗin nan ba wasa ba ne, domin masu shara suna da 'yan awoyi ne kafin baƙi na gaba su iso. A haɗa kaya tun dare. A rarraba shara yadda littafin gida ya nuna, gilashi daban, kwali da roba daban, a ɗaure ta ragowar abinci a sa cikin bola mai murfi, domin a wurare da yawa sai bayan mako biyu motar shara ke zuwa, buhun da aka bari a ƙasa kuwa dila da tsuntsaye za su yayyaga shi. A wanke kwanuka, a kwashe abin da ke firji, a cire zannuwan gado idan an bukaci haka, a tabbata wutar murhu ta mutu, a rufe tagogi. Abin da ya fashe a faɗa da baki kafin a gano shi. A ɗauki hoton kowane ɗaki, a mayar da makulli cikin akwatinsa, a juya lambobin, sannan a tura wa mai gida saƙo cewa an tashi.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Wasu masu karanta jaridarku,
daga arewacin Ingila.